Likita mai son bincike: wa zai biya kuɗin lokacinsa?

Likitan da ya kammala horon ƙwarewa na farko, a fannin yara ko cututtukan manya, sai ya zaɓi reshen da zai zurfafa a ciki: zuciya, jini, ƙoda ko cututtuka masu yaɗuwa. Yawanci sunan asibiti ake bi. Wanda burinsa duba marasa lafiya ne, wannan ba laifi. Amma mai son ya ƙare a jami'a yana jagorantar bincikensa, tambayarsa daban ce: kwana nawa a mako za a ɗauke masa aikin asibiti, kuma daga aljihun wa albashin kwanakin zai fito?

A Amurka, Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, wato NIH, su ne ke riƙe da asusun. Suna ba sassan jami'o'i tallafin T32 don ɗaukar nauyin masu koyon bincike. Daga nan likita ya nemi K08 ko K23, waɗanda sharaɗinsu shi ne ya ba bincike aƙalla kashi 75 cikin 100 na lokacinsa, har tsawon shekara biyar. Sai R01, wanda shi ne shaidar mutum ya tsaya da ƙafarsa. A Birtaniya, hukumar NIHR tana da matakin da ke keɓe kashi 25 na lokaci, da na gaba mai kashi 50.

Inda gizo ke saƙar ga likitanmu shi ne takardun zama. T32 da K08 da K23 na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Wanda ya shiga da bizar J-1, kamar ɗimbin likitocin ƙetare, ba ya cikin lissafi, ga kuma dokar komawa gida na shekara biyu bayan horo. Sashe zai iya yi maka alkawarin bincike da baki, ka isa ka tarar kuɗin ba ya hawa kanka. Shi ya sa tun a ganawar farko ya kamata a tambaya ko sashen yana da asusun kansa na baƙi, kuma a nemi amsar a rubuce. Wani tallafin NIH mai suna K99 dai a buɗe yake ga baƙo, sai dai gasarsa da zafi.

Sai malamin da zai raine ka. Shahararren farfesa da kullum yana jirgi zuwa taro ba lallai ya karanta rubutunka ba. A duba almajiransa na baya: nawa ne suka fito a sahun farko na marubutan takarda, nawa suka samu tallafin kansu? Rumbunan PubMed da NIH RePORTER kyauta ne a intanet, kuma ba sa yi wa kowa kara.

Ba dole sai an ƙaura ba ma. Binciken SPRING kan kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki da maganin hydroxyurea, a Kano da Kaduna aka yi shi, da haɗin gwiwar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt, aka wallafa sakamakonsa a 2022. Cibiyar Fogarty ta NIH kuma ta samar da tallafin K43, wanda aka ware wa matasan masu bincike da ke aiki a jami'o'in ƙasashe masu tasowa. Shi ma yana buƙatar kashi 75 ɗin nan, don haka sai shugaban sashe ya sa hannu cewa zai rage wa likitan kwanan asibiti.