Man Suya A Tankin Jirgin Sama: Kada Gyara Ya Zama Ɓarna

A ranar 28 ga Nuwamba, 1923 da ɗari, wato 2023, wani jirgin kamfanin Virgin Atlantic ya tashi daga Landan ya haye teku har Amurka ba tare da ɗigon man da aka haƙo daga ƙasa ba. Yawancin abin da ya sha an tace shi ne daga kitse da tsohon man suya, irin wanda mai ƙosai kan zubar in ya yi baƙi.

Me ya kai masu ilimi ga wannan? Man jirgin sama dangin kananzir ne, kuma jiragen duniya suna fitar da wajen kashi 2 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Mota tana iya tafiya da batir, amma babban jirgi mai dogon zango bai iya ba tukuna, domin nauyin batir ya yi masa yawa. Sai aka koma neman man da tsiro ya bayar. Tsiro yana shan kabon tun yana girma, saboda haka in an ƙona mansa, abin da ya sha ne yake mayarwa. In aka yi lissafi tun daga tushe, mafi kyawun irin wannan mai kan rage kabon har kashi 80 cikin 100.

Amma tafiyar da sauranta. A shekarar 2024 man bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da jirage suka sha ba, tsadarsa kuwa ta ninka ta kananzir ɗin jirgi sau 2 ko fiye. Don haka Tarayyar Turai ta kafa doka: a gauraya kashi 2 cikin 100 tun daga 2025, kashi 6 a 2030, har kashi 70 a 2050.

To, a nan ne ya kamata Ikilisiya ta buɗe ido. Tsohon man suyan duniya duka ba zai ishi jirage ba. In ya kasa, ina za a juya? Gona. Mun san yadda aka sare dazuzzukan Indonesiya da Maleshiya domin shuka kwakwar manja. Dajin da aka ƙone don a yi wa jirgi mai mai tsabta, ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi ya sa dokar Turai ba ta lissafa man da aka yi daga amfanin gona na abinci.

Mu ma abin ya taɓa shafarmu. Bini-da-zugu, wanda muke shinge da shi, a Disamba 2008 kamfanin Air New Zealand ya gwada mansa a injin jirgi guda. A shekarun nan aka yi ta ruɗin cewa zai yi albarka ko a fako. Kamfanoni suka karɓi manyan filaye a ƙasashe irin su Gana da Tanzaniya da Mozambik. Itacen bai ba da 'ya'ya yadda aka zata ba, yawancin ayyukan suka rushe, manoma da dama suka tashi ba gona ba kuɗi.

Littafin Farawa 2:15 ya nuna mana aiki biyu da Allah ya ba Adamu a gonar Aidan: noma da kiyayewa. Ba a raba su. Muna murna da duk dabarar da za ta rage zafin duniya, gama mu da hamada ke matsowa kusa da mu ne muka fi jin jiki. Masu ziyarar Urushalima daga cikinmu ma jirgi suke shiga, don haka ba mu tsaya gefe muna nuna wasu da yatsa ba.

Sai dai ga gargaɗinmu ga dattawan Ikilisiya da masu unguwanni. Duk ranar da baƙo ya zo neman fili domin shuka man jirgi, a tambaye shi: gonar wa za a ɗauka? Shekara nawa? In aikin ya rushe, wa zai mayar da ƙasar? Kada a sa hannu a takarda sai an karanta wa jama'a ita da harshensu. Ba daidai ba ne jirgi ya ƙoshi a sama, yaro ya kwana da yunwa a ƙasa.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.