Ma'anar "Iyaka" a Ilimin Kalkulas

Kalkulas shi ne nazarin yadda wani adadi ke sauyawa bisa sauyawar wani, kamar tazara da lokaci. Newton da Leibniz suka kafa shi a ƙarni na 17, sa'an nan a 1821 Cauchy, Bafaranshe, ya ɗora shi bisa tushen "iyaka". A nan ɗalibin jami'a kan yi tuntuɓe, domin a Hausa iyaka wuri ne da ake isa a tsaya. A lissafi kuwa ba lallai a isa ba. In ana tara 1/2 da 1/4 da 1/8 a jere, jimla tana ta kusantar 1, amma kowane mataki da sauran giɓi. Muddin malami bai fayyace wannan bambanci ba, sauran darussa hadda kawai za su zama.