Zafin Khartoum da ƙafar mai ciwon MS

A watan Mayu, zafin Khartoum kan haura digiri 40 da rana tsaka. Mai lafiya gumi zai yi, ya nemi ruwa. Amma mai ciwon da likitocin Sudan ke kira attasallubul muta'addid, wanda duniya ta fi sani da MS, zafin nan yana iya hana ƙafarsa ɗaguwa. Mace ta fito daga gida a unguwar Alshajara ta Khartoum da safe tana takawa daidai, kafin ta dawo daga cefane ƙafa ɗaya ta fara jan ƙasa, ido ya yi hazo. Sai 'yan uwa su ce tafiya ce ke tayar mata da ciwo, ta kwanta ta huta. Tausayi ne ya sa su faɗi haka, amma kwanciyar nan tana cikin abin da ke saurin zaunar da mutum.

Ciwon kansa daga garkuwar jiki yake. Ita ce ke juyawa ta riƙa cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar wayar lantarki da ɓera ya gaigaye robarta: saƙo ya taso daga kai, ya isa ƙafa a makare ko ya ɓace a hanya. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace shi a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da shi a duniya, mata sun ninka maza, kuma yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 40 yake kama mutum. Da yake yana zuwa ya lafa ya dawo, a gidajen Hausawa, har da na jikokin mahajjatan da suka zauna a Khartoum da Omdurman, ba wuya a ce iska ce ko jifa.

Batun zafi kuwa tsoho ne. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ganin waɗansu majinyata kan dushe idan sun motsa jiki. Daga baya aka gane ɗumin jiki ne sanadi, domin jijiyar da rigarta ta lalace ba ta jure ƙarin ko da rabin digiri. Abin da ya kamata kowane gida ya riƙe shi ne, wannan raunin na wucin gadi ne. Jiki na hucewa, ƙafa za ta koma yadda take, ba wata sabuwar ɓarna da aka yi. Likitoci ma sun daɗe suna hana majinyata motsi saboda wannan ruɗani, har zuwa 1996 da Jack Petajan da abokan aikinsa a Jami'ar Utah ta Amurka suka sa majinyata atisaye na mako 15, suka ga ƙarfinsu ya ƙaru, gajiya da ƙuncin zuciya sun ragu.

Abin da ake nema ba mai yawa ba ne. Ƙa'idar da aka fitar a Kanada a 2013, ga wanda ciwonsa bai yi tsanani ba, ita ce minti 30 na tafiya ko keke sau biyu a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka shi ma sau biyu. Wanda minti biyar kawai zai iya, ya fara da biyar ɗin, ya huta, ya sake. Tashi daga bakin gadon angarib a koma a zauna sau goma yana gina cinya. Tsayuwa a dafe da bango ana ɗaga dunduniya tana gina sha-raɓa. Ɗaga yatsun ƙafa sama ana zaune yana taimakon mai yawan tuntuɓe, kuma idan tafin ƙafar ya ƙi ɗaguwa akwai takalmin roba mai tallafe idon sawu. Sanda ba abin kunya ba ce. Karayar ƙugu ta fi ta tsada.

Sauran dabara duk ta lokaci ce da sanyi. A yi tafiyar bayan sallar asuba ko bayan magariba. A sha ruwan randa kafin a fara, a jiƙa mayafi ko rawani a ɗora a wuya, a tsoma ƙafa a ruwan sanyi. Da azumi a bari sai an sha ruwa. Al'adarmu ta gasa gaɓa da tsumma da ruwan zafi kuwa, a nan ba gurbinta ba ne, ƙara kasala take yi.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula lissafi. Alshajara, a bakin Farin Nilu, nan barikin tankokin yaƙi na sojan Sudan yake, kuma an yi doguwar gwabzawa a kewayensa. Mutane sun yi watanni a ƙunshe cikin ɗaki ko a hanyar hijira, asibitoci da dama sun rufe, lantarki ya yanke. Mai MS da ya fito daga irin wannan zama ya ga tafiyarsa ta lalace, kada ya ɗora wa ciwon laifin duka. Wani kaso na raunin tsoka ce ta saki don rashin aiki, kuma ita tana dawowa idan aka bi ta a hankali. In an samu likitan gashin ƙashi, irin waɗanda Jami'ar Ahfad ta mata da ke Omdurman ta yaye, ya auna saurin tafiyar taku 25 na awo, wajen mita bakwai da rabi, ya tsara atisayen da ya dace da mutum.

Atisaye ba ya maye gurbin magungunan da ke rage tashin ciwon. Kuma a bambance raunin zafi da sabon tashi: wanda ya wuce bayan an huta an sha iska, na zafi ne. Wanda ya kwana ya wuni, ya haura awa 24 ba tare da zazzaɓi ba, ko sabuwar alama da ba a saba gani ba, wannan na likitan jijiya ne, kuma a dakatar da atisayen sai ya duba.