Mai Shara da Mai Tura Gado Ma Suna da Hannu a Warkewar Mara Lafiya

A watan Maris na 2024 Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya, NCDC, ta samu rahoton wata baƙuwar cuta a ƙaramar hukumar Isa ta Jihar Sakkwato: yara na zuwa da kumburin ciki, zazzaɓi, amai da rama. Zuwa Afrilu an ƙirga mutum 164 a mazaɓu shida, ciki har da Bargaja, Tozai da Turba. A irin wannan lokaci gadaje kan cika, likita ya duba ya wuce, nas ɗaya ta riƙe ɗaki guda. Waɗanda ke yini kusa da gado su ne mai shara, mai tura gado, mai wankin zannuwa da mai kai jini ɗakin gwaji.

Ilimin waɗannan bayin Allah ya fi muhimmanci a Isa da Sabon Birni, domin tura mara lafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ba ƙaramin abu ba ne: ga nisa, ga tsadar mota, ga fargabar 'yan bindiga a hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, cikin kowane mutum 100 da aka kwantar, kimanin 15 kan ɗauki wata cuta a cikin asibitin. Wanda ya ɗauke ta a nan, galibi a nan zai yi fama da ita.

Hannu ne babbar hanyar da ƙwayar cuta ke bi daga wannan gado zuwa wancan. A wanke shi kafin a taɓa mara lafiya, bayan an taɓa shi ko gadonsa, da kuma bayan kwashe jini, amai, fitsari ko bayan gida. Wanki da sabulu yana buƙatar daƙiƙa 40 zuwa 60, har da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Safar hannu ba ta maye gurbin wanki. Wanda ya zagaye ɗaki da safa ɗaya, kansa kawai ya kare. Haka tsumman da ya goge bayi ba shi da hurumi a ɗakin haihuwa. Inda jini ya zuba ana tsabtace shi da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari, kuma sabo ake haɗawa kullum, domin ƙarfin na jiya ya riga ya ragu.

Allurar da aka yi amfani da ita ba a mayar mata da murfi, ba a jefa ta a kwandon shara. A akwatin kwali na allurai ake sa ta, a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Wanda allura ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya sanar nan take, domin maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki dole a fara shi kafin awa 72 ta cika. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Sai batun suna, wanda a ƙasarmu yake da tarko na musamman. Ɗaki guda zai iya ɗaukar A'isha uku da Muhammadu huɗu. Ga alkunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace da yawa ba sa ambaton sunan miji, wani yaron kuma da laƙabi kaɗai aka san shi. Don haka kada a ce “ke ce wance?” a wadatu da gyaɗa kai. A haɗa suna da lambar kati da sunan ƙauye kafin a tura mutum tiyata ko a ɗauki kwalbar jininsa. Kwalbar da ba a rubuta mata suna a gaban mai ita ba, ba a fita da ita.

Abu mafi wuya shi ne mutum ya san iyakarsa, ya kuma buɗe baki. Shekara ashirin a asibiti ba ta mayar da mai shara nas. Ko 'yan uwa sun roƙa, suna kiransa “likita”, ba aikinsa ba ne yin allura ko ƙara gudun ƙarin ruwa. Amma idan ya ga yaro na numfashi sama-sama, ko zanen mai jego ya jiƙe da jini, ko wanda za a yi wa tiyata ana ba shi kunu, ya kira nas ba tare da jira ba. Ya kuma tuna cewa wanda ba ya iya motsi ana juya shi duk bayan awa biyu, don kada gyambon kwanciya ya kama shi.

Wannan duka ba ya yiwuwa sai da ruwa, sabulu, safar hannu, rigakafin ciwon hanta da horo a harshen Hausa. Muna kira ga shugabannin asibitocin Isa da Sabon Birni da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato su tanadi waɗannan, su kuma saurari ƙaramin ma'aikacin da ya kawo rahoton kuskure maimakon tsawata masa.