Allon Samsung, kwamfutar HP: Dole ne sai kamfaninsu ya zo ɗaya?

Saura kwana tara in miƙa ɗan gajeren dokumentarin da aka ba mu a darasin talabijin, na kwashi kuɗin da na yi wata biyar ina tarawa na sayo monita. Irin allon nan ne mai faɗi, inci 29, tokumbo, wanda kuke gani a gaban masu tace bidiyo a YouTube. Allon laftof ɗina inci 14 ne, idan na buɗe manhajar editin sai na yi ta ja hagu da dama kafin in gano inda na yanke murya. Aikin kuwa a kan marinar Ƙofar Mata na yi shi, kwana uku ina ɗaukar hoto a can.

A shago allon ya yi aiki ras. Mai shagon har da yi min kyautar waya, kai ɗaya HDMI, ɗaya kan kuma wani iri ne mai kama da shi. Da na isa hostel na jona, sai allon ya rubuta "No Signal" ya yi ɗif. Na cire na mayar ya fi sau goma. Daga baya na aro wayar dikoda a ɗakin kallo, hoto ya fito, amma wane irin hoto! Ramukan marina da kowa ya sani zagayayyu sun koma kamar ƙwai, dattijon da na yi hira da shi kuma fuskarsa ta baje kamar faifai.

Washegari na koma. Mai shagon ya juya laftof ɗin ya dubi tambarinta, ya ce: "Ƙanena, ai matsalar a fili take. Kamfaninsu ba ɗaya ba ne, jininsu bai haɗu ba. Kawo ta mu yi musaya, ka yi ciko kaɗan." Cikon nan "kaɗan" ya kusa kuɗin rajistata na shekara. Na ce masa, "Alhaji, bari in yi shawara," na fito gwiwa a sanyaye.

Abokin ɗakina da ke karantar kimiyyar kwamfuta ne ya warware abin cikin minti biyar, ko sisi ban ƙara ba. Abin da na koya daga nan shi na kawo muku, domin na san akwai masu shirin sayen allo saboda editin, zanen girafik, kodin ko wasan gem.

Tambarin kamfani ba ya cikin lissafi

Kwamfuta ba ruwanta da sunan da aka manna a goshin allo. Dell na aiki da allon LG, Lenovo na aiki da na Samsung, MacBook ma na karɓar allon HP. Dalili shi ne tun da daɗewa kamfanonin suka yarda su riƙa bin ƙa'idoji iri ɗaya. Akwai wata ƙungiya ta masana'antar mai suna VESA, ita ta fito da tsarin da ake kira EDID a 1994. Da zarar ka jona waya, allon zai aika wa kwamfutar ɗan taƙaitaccen bayani a kansa: ga sunana, ga girmana, ga yawan ɗigon hoton da nake iya nunawa. Daga nan sai kwamfutar ta zaɓi abin da ya dace.

Saboda haka idan hoto ya ƙi fitowa, ko ya fito a karkace, a duba abu huɗu: kafar da aka jona, wayar da aka yi amfani da ita, ƙarfin sashen hoto na kwamfutar, sai kuma saitin. Nawa matsalolin biyu ne daga ciki, waya da saitin.

Ka san kafofin da ke jikin na'urarka

VGA ita ce shuɗiyar nan mai ramuka 15 da kusoshi biyu na murɗawa. IBM ne ya fito da ita a 1987, ta girmi yawancin masu karanta wannan shafi. Hoto kawai take ɗauka, babu sauti, kuma a manyan alluna rubutu kan yi dishi-dishi. Yawancin alluna masu faɗi sosai ma ba sa zuwa da ita.

DVI, wadda kanta ya fi yawa fari ne, ta zo a 1999. Mai layi ɗaya tana tsayawa ne a 1920 x 1200, mai layi biyu tana kaiwa 2560 x 1600.

HDMI kowa ya san ta saboda dikoda da talabijin. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne hawa-hawa ce, alhali bakin iri ɗaya ne. HDMI 1.4 ta 2009 tana iya tura hoton 4K, amma sau 30 kawai take sabunta shi a sakan ɗaya. HDMI 2.0 ta 2013 tana yin sau 60. Wannan adadi shi ne ake rubutawa da Hz. A 30Hz za ka ga linzami na tafiya kamar mai ɗingishi, kuma in ka daɗe a gaban allon idonka zai gaya maka.

DisplayPort tana kama da HDMI, sai dai gefe ɗaya ne kawai aka yanke mata, wani lokaci da ɗan maɓallin da ake dannawa kafin a zare. VESA ce ta fito da ita a 2006, kuma an fi ganinta a kwamfutocin ofis da alluna masu tsada.

Sai USB-C, ƙaramar nan irin ta cajar waya. Nan mutane da yawa ke faɗawa rami, domin ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba. Wata caji da tura fayil kaɗai take yi. Ka duba gefenta: in akwai alamar walƙiya ta Thunderbolt ko tambarin harafin D na DisplayPort, to tana fitarwa. In babu alama, ka rubuta lambar samfurin laftof ɗinka a Google ka karanta bayanin kamfanin kafin ka sayi adafta. Haka ma wayar kanta, ba kowace wayar caji ce ke ɗaukar hoto ba.

Wayar da ba ta komawa baya

Kyautar da mai shago ya ba ni DisplayPort ce zuwa HDMI. Irin wannan waya hanya ɗaya take bi: daga DisplayPort ɗin kwamfuta zuwa HDMI ɗin allo. A shagonsa haka ya jona ta a babbar kwamfutar teburinsa, shi ya sa ta yi aiki. Ni kuma laftof ɗina HDMI gare ta, sai na juya wayar, na sa HDMI a kwamfuta, DisplayPort a allo. Ta haka ko shekara zan yi ba za ta kawo hoto ba, sai da wata na'urar juyawa ta daban mai jan wuta.

Haka abin yake ga adaftar HDMI zuwa VGA da ta cika kasuwa. Ba ta aikin VGA zuwa HDMI. Idan za ka saya, ka faɗa wa mai shago wacce kafa ce a kwamfuta, wacce ce a allo, a jere. Mafi sauƙi dai shi ne waya mai kai iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Duk adaftar da ka ƙara a tsakani, ka ƙara wurin da matsala za ta iya ɓoyewa.

Kar kuma ka manta da maɓallin da ke jikin allon kansa. Allo mai kafa uku yana iya zama yana jiran hoto ta HDMI 2 alhali ka jona a HDMI 1. Shiga "Input" ka zaɓi daidai kafin ka fara zargin kowa.

Me ya sa fuska ke bajewa?

Kowane allo yana da adadin ɗigon da aka ƙera shi da su, kuma a kansu ne kaɗai hoto ke fita tas. Tsofaffin alluna masu kusan murabba'i 4:3 ne. Talabijin da yawancin laftof 16:9 ne, wato 1366 x 768 ko 1920 x 1080. Masu faɗi sosai 21:9 ake ce musu, wato 2560 x 1080 ko 3440 x 1440.

Laftof ɗina 1366 x 768 take, kuma Windows ta kwafi abin da ke kan ƙaramin allon ne ta aika wa babban. Shi kuma babban an saita shi ya cike fuskarsa ko ta halin ƙaƙa, sai ya ja hoton 16:9 ya shimfiɗa a kan 21:9. Komai ya ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku. Ka ji inda ƙwai ya samo asali.

Gyaran ba wuya. Danna maɓallin Windows tare da P, ka bar "Duplicate" ka zaɓi "Extend" ko "Second screen only". Sannan ka shiga Settings, System, Display, ka danna hoton babban allon, ka zaɓi adadin da aka rubuta "Recommended" a gabansa. A "Advanced display" za ka ga Hz nawa yake gudu. Masu Mac su shiga System Settings, sai Displays. A maɓallan jikin allon kuma ka nemi saitin girman hoto, ka mayar da shi "Original" ko makamancinsa don ya daina ja.

In ka duba jerin ba ka ga adadin allonka ba, fara da sabunta direban hoto daga shafin Intel, AMD ko Nvidia, gwargwadon wanda ke cikin kwamfutarka. In har yanzu babu, ƙila kwamfutar ce ta tsufa. Allon 1920 x 1080 ɗigo miliyan biyu da 'yan kai ne, na 2560 x 1080 miliyan 2.76, na 3440 x 1440 kuwa ya kusa miliyan biyar. Tsofaffin laftof da yawa ba sa iya tura wannan lodi ta HDMI sau 60 a sakan, sai su sauko ƙasa ko su ƙi gaba ɗaya. Ko da allon kamfaninsu ɗaya ne da kwamfutar, haka za a yi.

Inda maganar mai shago ke da ɗan ƙamshin gaskiya

Don kar a ce na yi masa rashin adalci, akwai lokacin da kamfani ke shigowa cikin zancen, kuma galibi Apple ne. A shekarar 2000 ya fito da wata kafa tasa ta kansa, ADC, wadda ke ɗaukar hoto da wuta da USB a waya ɗaya. Mai son jona irin wannan allo a kwamfutar Windows sai ya nemi adafta ta musamman. A 2004 kamfanin ya koma DVI kamar kowa.

Yau ma Studio Display ɗinsa na 2022 yana nuna hoto a kwamfutar Windows mai kafar da ta dace, amma babu maɓallin ƙara haske a jikinsa, kuma wasu abubuwan kyamararsa da sabunta manhajarsa sai da na'urar Apple. Ta ɗaya ɓangaren, MacBook Air mai M1 ta 2020 allo ɗaya tak take ɗauka daga waje, na kowane kamfani ne. Mai mafarkin jera alluna biyu a tebur ya san da wannan kafin ya biya.

Kafin ka zaro kuɗi

Tafi kasuwa da laftof ɗinka da cajarta. Kar ka yarda da gwajin da aka yi da kwamfutar shago, wannan kuskuren ne ya ci min kwana biyu. Jona taka da wayar da za ka tafi da ita gida, ka shiga saitin ka gani da idonka cewa adadin ɗigon ya cika kuma yana kan 60Hz ko sama.

Idan tokumbo ne, buɗe hoton fari zalla ya cike allon, sannan baƙi, ja, kore da shuɗi. Matattun ɗigo da tabo a nan suke tona kansu. Juya bayan allon ko adaftar wutarsa ka karanta: in an rubuta 100 zuwa 240V ba damuwa, domin wutarmu 230V ce, ta Amurka kuma 120V. A takardar nan za ka ga ƙarfin wutar da yake ja, abin da mai amfani da sola ko ƙaramin janareta ke buƙatar sani. Kuma ka ware kuɗin abin kariya daga wuta mai ƙarfi, don kowa ya san yadda take dawowa wani lokaci.

Ka kuma tambayi kanka aikin da za ka yi da shi. Bidiyon YouTube 16:9 ne, a allon 21:9 za ka ga baƙi a hagu da dama, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Bidiyon TikTok da Reels a tsaye suke, 9:16, faɗin ba zai ƙara musu komai ba wajen kallo. Amfanin faɗin yana wajen aiki: layin editin ya miƙe ka ga farkonsa da ƙarshensa, ko ka buɗe littafin PDF a gefe kana rubuta asaimen a ɗaya gefen. Wanda kallo da karatu kawai zai yi, allon 1920 x 1080 mai inci 24 ya ishe shi, kuma kusan duk laftof mai HDMI za ta ɗauke shi ba gardama.

Ni dai na sayi wayar HDMI ta talakawa, na mayar wa ɗakin kallo tasu kafin a fara cigiya. Ramukan marina suka koma zagayayyu, dattijo ya dawo da fuskarsa, na miƙa aikina saura kwana ɗaya. Laftof ɗin da aka ce jininta bai haɗu da allon ba, da ita nake rubuta muku wannan. Wayar kyautar kuwa tana nan cikin durowa, duk mai DisplayPort a kwamfutarsa ya yi magana.