Uwargida, bar shi ya koyi faɗuwa

Idan aka kawar da gero da dawa daga gona, iska ta fara busowa, to ke ma kin san abin da ke biyo baya a garuruwanmu irin su Sukuntuni da ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada. Yara maza za su fara dawowa gida da rairayi a ƙeya, riga ta yage a kafaɗa, wani ma yana ɗingishi yana ɓoyewa. In kin tambaya ya ce "wasa muka yi". Kokawa ce suka yi, kuma akwai yiwuwar ɗanki ne aka kayar.

A nan iyaye mata ke rabuwa gida biyu. Wata ta ɗauki bulala ta ce kada ta ƙara jin ya je dandali. Wata kuma ta yafa mayafi ta nufi gidan su yaron da ya yi kayen, a yi ta cacar baki, wani lokaci gaba ta shiga tsakanin maƙwabta har shekara, alhali yaran da aka yi dominsu tun washegari sun koma cin gyaɗa a kwano ɗaya. Ni a ganina duk su biyun suna hana yaro wani karatu da ba a koyar da shi a aji. Shekarun da na yi ina koyarwa a Islamiyya sun nuna mini cewa yaran da suka saba shiga fage, a kayar da su su kayar, sun fi saurin haɗiye gyara idan aka tsayar da su a hadda. Wanda bai taɓa faɗuwa a gaban mutane ba, shi ne za ki gyara masa harafi ɗaya ya kwana uku bai zo makaranta ba.

Kokawa dai ba dambe ba ce, kada ki haɗa su. Babu naushi, babu shuri. Riƙo ne da turi da taɗiya da dabara, kuma da zarar bayan mutum ya taɓa ƙasa magana ta ƙare. Abin lura shi ne abin da ke biyo bayan kayen. Wanda ya yi nasara ba ya hawa kan abokinsa ya ci gaba da duka. A fagen da akwai manya masu sa ido, hannu zai miƙa masa ya tashe shi. Shi kuma wanda ya sha ƙasa, ga abokansa suna kallo, ga ƙannensa, ba shi da wurin ɓuya kuma ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Dole ya miƙe, ya kakkaɓe jikinsa, ya koma gefe ya zauna da waɗanda suka yi masa dariya. Minti biyu ne kawai, amma a cikinsu yaro ke gane cewa kunya ba ta kisa.

Mutanen Japan sun ɗauki wannan abu da muhimmanci ƙwarai. Akwai irin tasu kokawar da ake kira judo, wadda wani malamin makaranta mai suna Jigoro Kano ya kafa a 1882 (sunansa ne haka, ba shi da alaƙa da Kanon Dabo). A makarantun judo, kafin a koya wa sabon ɗalibi yadda zai kayar da kowa, sai an fara koya masa yadda zai faɗi: ya sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji don kada ƙeya ta bugu, kada ya kafe hannu a ƙasa don kada ya karye, ya bar jiki ya mirgina. Sai ya yi ta maimaitawa har jiki ya saba. Sun san duk wanda ya shiga fage zai faɗi, ko ba yau ba ko ba gobe ba, saboda haka gara ya iya.

Ba sai mun je nesa ba ma. Maƙwabtanmu na Nijar sun mayar da kokawa wasan ƙasa. Tun 1975 suka fara gasar takobi a Tawa, inda jihohinsu ke turo gwanayensu, gasar tana zagayawa daga wannan gari zuwa wancan, ana bin ta a rediyo har a nan ƙasar Katsina. Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi karo na shida a gasar Agadas ta 2023. Amma ki tambayi maigida in yana bin wasan, zai gaya miki tsakanin waɗannan nasarori akwai shekarun da aka fitar da shi ya koma gida hannu biyu, wani ya ɗauka. Da ya yi zuciya ya jefar da abin tun karon farko da gwani ya gamu da gabansa, da ba wanda ya san sunansa yau.

Na san wata za ta ce, Malama, ke da ya kamata ki tura yara ga allo, kike kare wasan banza? To ai magabata ba su ɗauke shi wasan banza ba. A littattafan tarihin Annabi (SAW) an kawo cewa lokacin fita yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, an mayar da yara da dama gida saboda ƙarancin shekaru. Aka bar Rafi'u bin Khadij (RA) saboda ya iya harbi. Samura bin Jundub (RA), maraya ne da ya tashi a hannun mahaifiyarsa da mijinta, ya kai kuka cewa an bar Rafi'u an mayar da shi, alhali shi yana kayar da Rafi'u. Aka ce su gwada, suka kama, Samura ya yi kaye, aka bar shi. Duba ki gani: ba a tsawata masa ba, kuma ba a ji Rafi'u ya ƙullace shi ba. Akwai kuma labarin kokawar Manzon Allah (SAW) da Rukana, ƙaƙƙarfan Ƙuraishawa, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka kawo, ko da yake malamai sun yi magana a kan isnadinsa. Wanda babu tantama a kansa shi ne hadisin Abu Huraira (RA) a Bukhari da Muslim, inda aka nuna cewa ƙarfi na gaskiya ba a yawan kayar da mutane yake ba, yana wurin mallakar kai lokacin fushi. Yaron da ya taɓa jin abokinsa a hannunsa, yana da ikon maka shi da ƙasa da mugunta amma ya sauke shi a hankali, idan aka karanta masa hadisin nan ya san abin da ake nufi tun kafin a yi sharhi.

Wani abin da fage ke koyarwa shi ne haƙuri a cikin matsi. Sabon shiga da an riƙe shi sai ya ruɗe, ya zuba duk ƙarfinsa a turi ɗaya, numfashi ya ƙare, ƙafa ta yi rawa. Gwani kuwa zai sunkuya ya kafa ƙafa, ya jira. Sau da yawa ma ƙarfin mai turin ne ake amfani da shi a kayar da shi, a goce masa kawai ya tafi da kansa. Shi ya sa za ki ga siririn yaro ya kayar da ƙato, jama'a su ɗauki sowa. Mu da muke zaman aure, da kishiya da dangin miji, ba ma buƙatar a fassara mana wannan.

Sai dai ban ce ki saki yaro sakaka ba. Kokawar da ake yi a bainar jama'a tana tafe da abubuwan da ba za mu yarda da su ba: layu da guraye da kambuna da ake ɗaurawa da imanin su ne ke kayarwa, zuwa wurin boka, caca a gefen fage, da fita kusan tsirara. A 'yan shekarun nan kuma ga ƙwaya, musamman tramadol, da wasu samari ke sha wai don kada su ji gajiya. Wannan ita ce ta fi ba ni tsoro, domin daga fage take bin yaro har gona, har ɗakin aurensa. Saboda haka ki san da wa yake kamawa da kuma wane babba ke wurin. Ya kama da sa'ansa a shekaru da girman jiki, a kan rairayi, ba a kan siminti ko tsakuwa ba. Wando ya rufe cibiya zuwa gwiwa. Ba riƙon wuya, ba murɗe yatsa. Da an kira sallar magariba wasa ya tashi. Idan kuma kansa ya bugu kika ga yana amai, ko jiri, ko barcin da ba a saba ba, ko ya ce wuyansa na ciwo, wannan ba na ruwan zafi da man shafawa ba ne, a kai shi asibiti a ranar.

'Yan mata ma ba a bar su a baya ba. Ƙanana suna kama juna a tsakar gida, kuma ban ga dalilin hana su ba muddin su ya su ne, cikin sutura.

Ranar da ya shigo da ƙasa a baya yana cika yana batsewa, kada ki fara da tambayar ɗan gidan wa ya yi masa haka. Ba shi ruwa ya wanke fuska, ki zuba masa tuwo. Idan ya ci ya natsu, sai ki tambaye shi ta wace ƙafa aka ɗauke shi, kuma ya gaisa da abokin nasa kafin ya taho ko kuwa. In bai gaisa ba, gidansu ba nisa, ya je kafin isha'i.