Jiyyar Koyar da Ayyukan Yau da Kullum ga Yara: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani Kafin Zuwan Farko

Gabatarwa

Akwai yaran da lokacin zamansu kan wuce ba su zauna ba, ko su kasa riƙe cokali, ko su isa shiga makaranta amma alƙalami ya gagare su riƙewa. Akan tura irin waɗannan yara wani sashe da ma'aikatan asibiti ke kira okufeshonal tarafi, wato jiyya ta hanyar koyar da ayyukan yau da kullum. An shirya wannan bayani domin iyaye su fahimci aikin sashen, su kuma san shirin da ya dace su yi kafin ranar farko.

Mece ce wannan jiyya?

Aikin yaro shi ne wasa, da ci, da sha, da sa tufa, da kewayawa, da karatu. Jami'in wannan sashe yana duba abin da ke hana yaro yin waɗannan abubuwa da kansa, sa'annan ya koya masa, ko ya sauya kayan da yake amfani da su, ko ya gyara yadda ake zaunar da shi.

Jama'a da yawa kan ɗauka wannan sashe da sashen gashi abu ɗaya ne. Aikinsu yana da kusanci, amma akwai bambanci. Mai gashi ya fi mayar da hankali kan ƙarfin gaɓoɓi, da tsayuwa, da tafiya. Shi kuwa wannan jami'i ya fi kula da amfani da hannu da kuma yadda yaro zai dogara da kansa. Sau da yawa yaro ɗaya kan buƙaci su duka biyu.

An kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka a shekarar 1917, ta duniya kuma a 1952. A Nijeriya, hukumar da ke yi musu rajista tare da masu gashi da masu gyaran magana an kafa ta ne da Doka ta 38 ta shekarar 1988. Ana horar da su a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas. Yawansu bai kai buƙatar jama'a ba, domin haka galibi a manyan asibitoci ake samun su, kamar asibitocin koyarwa, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Waɗanne yara ne ke buƙata?

Babban misali shi ne yaron da ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni tun yana jariri, jikinsa ya sandare ko ya saki. Daga cikin abubuwan da ke jawo haka akwai doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi da wuri, da shawara mai tsanani a makon farko, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wannan lalura ba ta yaɗuwa, kuma ba laifin uwa ba ce. Raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, sai dai gaɓoɓi na iya ƙagewa idan aka bar yaro kwance ba motsi.

Har ila yau, jiyyar tana amfanar yara masu galahanga, da waɗanda hannunsu ya shanye wajen haihuwa, da masu ƙuna, da masu sikila da suka sami shanyewar ɓarin jiki.

Ya kamata a nemi likitan yara idan an lura da ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Wuyan yaro bai tsaya ba bayan wata 4.
2. Bai iya zama shi kaɗai ba bayan wata 9.
3. Yana amfani da hannu ɗaya kawai kafin ya cika shekara, ɗayan kuma a dunƙule.
4. Bai fara tafiya ba bayan wata 18.
5. Yana yawan ƙwarewa ko tari lokacin cin abinci.
6. Ya daina yin abin da a da ya iya.

Shiri kafin ranar zuwa

Da farko a sami takardar turawa daga likita, a kuma tambayi ranar da sashen ke ganin yara da kuɗin da za a biya, don kada a yi doguwar tafiya a banza. Sa'annan a tanadi waɗannan:

1. Katin asibiti, da katin rigakafi, da takardar sallama idan an taɓa kwantar da yaron, da sakamakon kowane hoto ko gwaji.
2. Duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, musamman na farfaɗiya. Idan ana ba shi na gargajiya, a faɗa ba tare da ɓoyewa ba.
3. Kofinsa da cokalinsa, da ɗan abincin da ya saba ci, da tufafi marasa matsewa, da abin wasan da ya fi so.
4. Littafinsa na makaranta, idan ya fara zuwa.
5. Gajeren bidiyo a waya da ke nuna yadda yake ci ko zama a gida, domin yaro kan ƙi sakewa a baƙon wuri.

Wajibi ne wanda ke ɗawainiyar yaro kullum ya zo, uwa ce ko kaka ko yaya. Zuwan mahaifi ma yana da muhimmanci, tun da za a yi maganar kuɗi da yawan zirga-zirga. A bar yaro ya yi barci sosai, kada kuma a tsorata shi da allura, domin ba a yin ta a wannan sashe. Idan babba ne, a gaya masa za a je a yi wasa ne a koyi abubuwa.

Yana da kyau iyaye su zauna su zaɓi abu biyu ko uku da suka fi damun su. Maimakon a ce "muna so ya warke", gara a ce "muna so ya kai loma bakinsa da kansa", ko "muna so ya zauna a tabarma tare da 'yan'uwansa".

Abin da zai faru a ranar

Ganawar farko takan ɗauki kimanin awa ɗaya. Jami'in zai yi tambaya kan goyon ciki, da haihuwa, da cututtukan da yaro ya yi, da yadda yake wuni. Bayan haka zai sa shi wasa, ya duba yadda yake miƙa hannu, da damƙa, da zama, da bin abu da ido. Kada iyaye su yi saurin taya shi, domin abin da yake iya yi da kansa ake son gani. Idan ya yi kuka ko ya ƙi, ba abin kunya ba ne.

A ƙarshe za a yarda kan manufa, a kuma koya wa iyaye ayyukan da za su riƙa yi a gida. Wasu kayan taimako ba su da tsada. Ana iya naɗe mariƙin cokali da ƙyalle ya yi kauri, kafinta kuma na iya ƙera kujera mai jingina bisa awon da aka bayar. Za a kuma nuna yadda ake ciyar da yaro a zaune, kansa a tsaye. A guji ɗura, domin abinci na iya shiga huhu ya jawo ciwon haƙarƙari mai haɗari.

Kafin a fita, a tambayi sau nawa za a yi aikin a rana, da ranar dawowa, da alamun da za su sa a garzaya asibiti.

Kammalawa

Wannan jiyya ba ta goge raunin da ya riga ya auku, kuma ba a ganin sakamakonta dare ɗaya. Amma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana saurin koyo, domin haka fara ta da wuri ya fi jinkiri amfani. Mafi yawan aikin a gida ake yin sa, lokacin wanka da ci da wasa. Iyaye su kuma sani cewa dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta tabbatar wa irin waɗannan yara haƙƙin ilimi da kiwon lafiya. Kada a ɓoye yaro a ɗaki. A kai shi a duba shi.